Yadda Ake Gina Zango Mai Daɗin Bugawa a Super Mario Maker 2

Zangon farko da na gina, ina gamawa na miƙa wa ƙanina na'urar ina jiran yabo. Na zuba Bowser, babban dodon wasannin Mario, har uku a ciki, na jera bindigogi, na haƙa ramuka ko'ina. Bai yi minti biyu ba ya dawo min da ita ya ce, "Yaya, wannan ba gem ba ne, mugunta ce." Na ji haushi a ranar, amma gaskiya ya faɗa. Na gina abin da zai burge ni ne, ban tuna da wanda zai riƙe na'urar ba. Tun daga nan na gina zanguna masu yawa, wasu na goge su da kaina saboda kunya, kuma abin da zan bayyana a nan shi ne hanyar da nake bi yanzu.

Abin da wasan yake kira course, yaran gidan gem su ce siteji, ni zango zan kira shi: tafiyar Mario daga inda ya tashi zuwa tuta. Kamfanin Nintendo na Japan ya fitar da Super Mario Maker 2 a watan Yunin 2019 don na'urar Switch, kuma duk bayanina a kan riƙe ta a hannu ne, don a nan ne ake iya gini da taɓa allo. Idan ka jona ta da talabijin, maɓallai kawai za su yi maka aiki, kuma gini da su yana da nawa.

Kayan aiki

Na'urar Switch kowace iri, ko ta asali, ko Lite wadda ta hannu ce zalla, ko OLED. Sai wasan, a kaset ko wanda aka sauke. Idan kaset ɗin hannu ka saya, kada ka damu da ƙasar da ya fito, Switch ba ta zaɓen kaset. Abu ɗaya da zan matsa maka a kai: ka nemi intanet ko sau ɗaya ne ka sabunta wasan. Kayan gini da yawa ba sa cikin kaset ɗin asali, daga baya aka ƙara su. Takobin Link, jarumin wasan Zelda, ya zo a Disambar 2019, sannan a Afrilun 2020 aka kawo 'ya'yan Koopa bakwai, rigar kwaɗo da sashen haɗa duniya guda.

Alƙalamin taɓa allo. Yatsa yana yi, amma yana rufe maka wurin da kake son ajiye bulo, ga kuma gumi lokacin zafi. Irin alƙalamin da ake amfani da shi a wayar hannu, mai kan roba mai laushi, shi ne daidai. Tsinken roba na 3DS, tsohuwar na'urar hannu ta Nintendo, ba zai yi aiki ba, allon ba iri ɗaya ba ne, sai dai ya karce maka shi.

Littafin lissafi mai gida-gida da fensir. Kada ka raina wannan. Shigeru Miyamoto da Takashi Tezuka a kan irin wannan takarda suka zana zangunan Super Mario Bros. na 1985, kowane gida bulo ɗaya.

Fawa bank mai bakin USB-C, saboda halin wutarmu. Sai kuma mutum ɗaya wanda bai ga lokacin da kake ginin ba, wanda zai gwada maka. Wannan na ƙarshe ya fi alƙalamin muhimmanci.

Idan 3DS gare ka, akwai Super Mario Maker nata da ya fito a ƙarshen 2016. Yawancin abin da ke ƙasa zai yi maka amfani, sai dai babu gangare, babu makunnin da zan yi misali da shi, kuma ba a ɗora zango a intanet daga cikinsa. A waya kuwa Nintendo ba ta taɓa fitar da wannan wasa ba, saboda haka duk manhajar da ka gani da sunansa ta wasu ce, ka yi hattara da ita.

1. Ka fara bugawa kafin ka fara gini

Shiga Story Mode, inda ake sake gina fadar gimbiya Peach. Akwai zanguna sama da 100 da ma'aikatan Nintendo suka gina da kayan da kai ma za ka yi amfani da su. Buga kamar 15 ko 20, kana tambayar kanka a kowanne: wane abu ɗaya ne wannan zangon ya dogara a kai? Za ka tarar kusan kowanne yana da amsa guda. Akwai kuma darussan Yamamura, wata tattabara mai surutu, a cikin wasan. Na sashen farko sun isa a yanzu.

2. Zaɓi tunani ɗaya, ka rubuta shi a layi ɗaya

Nan ne yawancin masu farawa suke faɗuwa. Wasan yana buɗe maka kaya kamar ka shiga Kantin Kwari da kuɗi a aljihu, sai ka ji kana son ka ɗan taɓa kowanne. Ka danne zuciyarka. Rubuta a saman takardarka abin da zangon yake nufi. Idan bai shiga layi ɗaya ba, zanguna biyu ne kake ƙoƙarin cusawa wuri guda.

Misalin da za mu bi har ƙarshe: "Mario yana buga makunni don ya buɗe wa kansa hanya." Makunnin shi ne bulon da aka rubuta wa ON da OFF. Yana tafiya da wasu bulo ja da shuɗi. A farkon zango jajayen ne masu ƙarfi, shuɗayen kuma zane ne kawai da ake ratsawa. Da an buga makunnin sai su yi musaya. Ni dai NEPA nake kiransa, wani layi a kawo, wani a ɗauke.

Bayan makunnin, ka yarje wa kanka maƙiya iri biyu, iyaka uku. Mu ɗauki Goomba, ɗan maƙiyin nan da ake takawa ya mutu, da kunkuru.

3. Salo, muhalli da lokaci

Buɗe Course Maker, wato sashen gini. A gefen hagu za ka zaɓi salo. Guda biyar ne: Super Mario Bros., Super Mario Bros. 3, Super Mario World, New Super Mario Bros. U da Super Mario 3D World. Bambancinsu ya wuce na kamanni. A na farko Mario gudu da tsalle kawai ya sani. A Super Mario World yana tsallen juyi wanda zai iya taka wasu maƙiya masu ƙaya da shi, kuma yana jefa abu sama. A New Super Mario Bros. U yana dafa bango ya sake tsalle, wanda ke nufin ramin da ka ɗauka tarko ne, gwani zai fito daga ciki, katangar da ka ɗauka ta tare shi kuma zai haure ta.

Gargaɗi babba: salo huɗun farko kana iya sauyawa tsakaninsu ginin yana nan. Amma idan ka koma 3D World, ko ka fito daga cikinsa, wasan zai share komai. Yana tambayarka kafin ya yi, sai dai mai saurin danna "eh" ba ya karatu. Na taɓa asarar aikin yamma guda haka.

Ga mai farawa ina ba da shawarar Super Mario World. Tsallensa yana da sauƙin sarrafawa, kuma babu dafa bango da zai ɓata maka lissafi.

Muhalli goma ne, daga fili, ƙarƙashin ƙasa, ruwa, hamada, ƙanƙara, daji, sama, gidan fatalwa, jirgin sama har fada. Ɗauki fili ko ƙarƙashin ƙasa. Ka bar yanayin dare tukuna, domin yana canza dokokin wasan: hamada da dare iska ke tura Mario, ƙarƙashin ƙasa kuma komai kifewa yake yi, ƙafa sama kai ƙasa. Lokaci yana kan daƙiƙa 300, ana iya rage shi zuwa 10 ko a kai shi 500. Bar shi yadda yake. Tafiyar allo da kansa ma kashe ta.

4. Zana a takarda, kashi huɗu

Raba shafinka gida huɗu. Masu gina wasannin Mario sun daɗe suna bin wannan tsari: a nuna maka abu, a ƙara masa nauyi, a juya shi ta inda ba ka zata ba, a rufe.

Kashi na farko, nunawa. Hanya miƙaƙƙiya, katangar jan bulo ta tare ta, makunni yana sama da kan Mario kafin katangar. Babu rami, babu maƙiyi. Mai bugawa ba shi da abin yi sai ya buga makunnin, katanga ta ɓace, ya gane dokar ba tare da an rubuta masa ko harafi ba. Ka sa 'yan bulo shuɗaye a kusa don ya ga suna bayyana a daidai lokacin da jajayen suka tafi.

Kashi na biyu, ƙarin nauyi. Yanzu rami ne a gaba, gadar da ke kansa ta bulo ce mai launin da ke kashe. Sai ya buga makunni gadar ta fito. Ramin farko ka sa masa ƙasa a gindi da matakalar fitowa, wanda ya faɗa ya hau ya sake. Na biyu shi ne na gaske. A nan Goomba zai fara shigowa.

Kashi na uku, juyi. Makunnin yana can ƙarshen wani siririn lungu mai tsayin bulo ɗaya, ka kuma toshe ƙarƙashin makunnin yadda Mario ba zai kai gare shi da kai ba. Kunkuru yana yawo a kusa. Dole mai bugawa ya taka kunkurun, ya harba ƙoƙon cikin lungun, ƙoƙon ya bugo makunnin. Wannan ne wurin da mutum zai ɗan tsaya, sannan ya ce "au, haka ne!" Saboda wannan "au" ɗin ake gina zangon gaba ɗaya.

Kashi na huɗu, rufewa. Haɗa dabarar gada da ta ƙoƙo cikin ɗan gajeren wuri, sannan ka bar fili mai sauƙi da sulalla kafin tuta.

Ba sai zanen ya yi kyau ba. Murabba'i da kibiya sun wadatar.

5. Shimfiɗa ƙasa, ita kaɗai

A saman allo akwai jerin kayan da ka taɓa kwanan nan, a ƙarshensa kuma madubin bincike da ke buɗe dukkan kaya kashi huɗu: ƙasa da bulo, abubuwan ɗauka, maƙiya, na'urori. Ɗauki ƙasa ka ja ta da alƙalami.

Kafin nan, ja tutar ƙarshe ta matso. Filin yana kai bulo 240 a tsawo, kuma ba dole ka cika shi ba. Allo ɗaya yana nuna bulo 24 a faɗi. Zangonmu allo biyar zuwa shida ya ishe shi. Gajeren zango mai ma'ana ya fi dogo wanda rabinsa tafiya ce kawai.

Gina ƙasa, ramuka da tudu na duka kashi huɗun ba tare da maƙiyi ko ɗaya ba. Sannan danna maɓallin debewa, wato mai alamar −, ka buga. Idan ka danna sau ɗaya wasan zai fara daga inda Mario yake tsaye, idan ka riƙe shi zai fara daga farkon zango. Tambayar a nan ita ce: gudu da tsalle kawai a wannan wuri suna da daɗi? Idan babu daɗi yanzu, maƙiya ba za su kawo shi ba.

Ga dabarar auna rami. Kunna sawun Mario, wato inuwoyin da yake bari a hanyar da ya bi. Yi tsalle daga bakin ramin, koma wajen gini, za ka ga baka ta inuwoyi tana nuna inda ya sauka. Ajiye ƙasar sauka bulo ɗaya ko biyu kafin ƙarshen bakar. Kada ka ajiye ta daidai ƙarshen, domin kai ka san lokacin tashi, baƙo bai sani ba. A tsaye ma haka: Mario yana haye bulo huɗu ba wahala, abin da ya wuce haka sai da gudu, to ka tabbata ka bar masa filin gudun.

Kuskuren da na fi gani shi ne tsallen makanta, inda ake tilasta wa mutum ya faɗa ƙasa ko ya yi tsalle zuwa wurin da allo bai nuna ba. Idan babu makawa, jera sulalla su zana hanyar, ko ka sa alamar kibiya. Mai bugawa yana bin sulalla kamar kaza da tsaba, saboda haka kada ka taɓa jera su zuwa cikin halaka. Sau ɗaya ka yaudare shi, ba zai sake yarda da zangonka ba.

Yanzu adana. Taɓa mutum-mutumin Coursebot a gefen dama ka ajiye aikin. Ka mayar da wannan al'ada bayan kowane mataki, musamman idan batir ya fara ja.

6. Sa makunni da bulonsa

Bi takardarka. Abu biyu za ka riƙe. Na ɗaya, duk makunnan da ke zangon a haɗe suke, ka buga ɗaya, ko'ina ya sauya. Don haka sai ka riƙa bin lissafi: bayan kashi na farko muna kan shuɗi, to gadar kashi na biyu ja za ta kasance idan ana son ta fito bayan bugu na biyu. Rubuta launin da ake ciki a bakin kowane kashi a takarda.

Na biyu, mutane ba sa bugu sau ɗaya. Wani zai buga sau biyu don ya ga abin da zai faru, wani zai koma baya. Ka gwada kowane kashi a launi biyun. Idan ya iso da launin da ba ka zata ba, yana da makunnin da zai gyara a kusa? Hanya mafi sauƙi ita ce a ƙarshen kowane kashi ka sa ƙofar bulo da ba ta wucuwa sai da launin da kake so, bayanta kuma ka sa bangon nan mai kibiya da ake wucewa ta gefe ɗaya, wanda ba ya barin a koma.

Mai 3DS, yi amfani da makunnin P a madadin. Yana mayar da bulo sulalla, sulalla kuma bulo, na ɗan lokaci. Tunda ana taka shi sau ɗaya ne ya ƙare, sa shi a cikin bututu don wani ya riƙa fitowa.

7. Rufe ƙofar maƙalewa

Wannan matakin na ware shi daban domin shi ne ke raba wanda ya iya da wanda bai iya ba. Maƙalewa ita ce mai bugawa ya shiga halin da ba gaba, ba baya, ba kuma mutuwa, sai dai ya zauna yana kallon agogo ko ya fita daga zangon. Mutuwa a wasan Mario ba komai ba ce, ana sake farawa. Maƙalewa kuwa ita ke sa a danna maka alamar ƙi.

Duba kashi na uku. Idan kunkuru ɗaya ka ajiye, mutum ya harba ƙoƙon ta ɓangaren da ba daidai ba ya faɗa rami, shi ke nan, ya maƙale. Maganin shi ne bututu: ja kunkurun ka saka shi a bakin bututu, zai riƙa fito da sabo. Launin bututu shi ke nuna saurinsa, shuɗi ne mafi jinkiri, sai kore, sai rawaya, ja ne mafi sauri. Riƙe alƙalami a kan bututun za ka ga zaɓin. Shuɗi ko kore za ka sa. Jan bututu cika wurin zai yi da kunkuru har a rasa wurin taka ƙafa.

Akwai wata matsalar a nan da sai da na gwada na gano. Ƙoƙon yana buga makunnin ya dawo, idan ya sami bango a baya sai ya sake komawa ya sake bugawa, launi ya yi ta sauyawa ba tsayawa. Ka bar ƙaramin rami a hanyar dawowarsa ya faɗa ciki, ko ka bar bayan a buɗe ya wuce abinsa. Ka kuma ba Mario wani ɗan tudu da zai hau ya kauce wa ƙoƙon.

Sauran wuraren dubawa: duk ramin da ke da gindi, ana iya fitowa? Bulo da ake fasawa, idan ƙaramin Mario ne ya iso, wanda ba ya fasa bulo da kai, yaya zai yi? Inda ba ka iya samar da mafita ba, buɗe gindin ramin ya zama na mutuwa. Ya fi.

8. Maƙiya da abin ƙarfi

Sai yanzu. Kowane maƙiyi ka tambaye shi aikinsa. Goomba a kan gada yana tilasta wa mutum ya lura da lokacin tsalle, wannan aiki ne. Goomba takwas a jere a fili ba su da aikin komai. Wasan yana da iyakar maƙiya da na'urori kusan 100 a kowane sashe, kuma idan ka kusa kai wa nan a zangonka na farko, wani abu ya lalace.

Kunkuru kore yana tafiya har ya faɗa rami, ja kuwa yana juyawa a bakin rami. A kan ƙananan dandamali ja ake sawa. Kada ka sa maƙiyi daidai inda Mario zai sauka daga tsalle, ko a bakin ƙofa da bututun da zai fito. Kada kuma ka sa wanda zai faɗo daga saman da allo bai nuna ba. Ƙa'idata ita ce mai bugawa ya ga abin da zai kashe shi kafin ya kashe shi.

Sa naman kaza, wato lemar kwaɗin nan da ke ƙara wa Mario girma, a cikin bulo mai alamar tambaya tun a allo na farko, wani kuma kafin kashi na uku. Idan kana son ba da furen wuta, ja naman kazan ka ɗora a kan furen kafin ka saka a bulo: ƙaramin Mario zai sami naman kaza, babba ya sami fure, kamar yadda yake a wasannin asali. Amma ka yi tunani, furen wuta yana kashe kunkuru, kuma kunkuru shi ne mabuɗin kashi na uku. A wannan zangon ni ba zan sa ba. Haka gashin tsuntsu mai ba da mayafin tashi: ka ba mutum shi, zai tashi ya tsallake duk abin da ka wahala ka gina.

Ɓoyayyen bulo a bakin rami, wanda mutum zai buga kai ya faɗa, masu gini da yawa suna ganin abin dariya ne. Mai ginin ne kaɗai ke dariyar.

Bos fa, wato babban maƙiyin ƙarshe? Ba dole ba ne. Idan ka nace, Boom Boom ya fi dacewa da mai farawa, taku uku ya mutu. Saka masa mabuɗi a jiki, ka sa ƙofa mai kwaɗo a gaba, don kada a wuce shi a guje.

9. Tutar tsakiya

Ita ce tutar da wanda ya mutu yake tashi daga gare ta maimakon farkon zango. Sa ta bayan kashi na biyu, a wuri mai natsuwa, da naman kaza a kusa. Ana samun ɗaya a babban fili, ɗaya kuma a sashen ƙasa da ake shiga ta bututu. Ka lura da wannan sosai: wanda ya mutu ya tashi daga tutar tsakiya zai tarar makunni ya koma yadda yake a farkon zango, ja ne mai ƙarfi. Idan kashi na uku yana buƙatar shuɗi daga farawa, ka maƙalar da shi. Ko dai ka tsara yadda ja ne ake ciki a wurin tutar, ko ka sa makunni a gefenta.

Kuma tutar tsakiya ba ta haɗuwa da sharaɗin kammalawa, irin su "tara sulalla kaza" ko "kada ka taɓa ƙasa". Ɗaya za ka zaɓa. A wannan zangon tutar za mu ɗauka.

10. Miƙa wa wani, ka kama bakinka

Ba shi na'urar, ka koma gefe. Kada ka ce "buga wancan", kada ka nuna da yatsa. Wanda zai buga a intanet ba za ka kasance kusa da shi ba. Riƙe fensir ka rubuta inda ya mutu, inda ya tsaya yana dube-dube, da inda ya yi abin da ba ka taɓa tunani ba.

Ƙanwata ce ke gwada min yawanci, kuma ba gwana ba ce, abin da ya sa take da amfani ke nan. A zangon makunnin nan, ta iso kashi na uku ta ɗauki ƙoƙon kunkurun a hannu, ta juya ta koma da shi baya tana neman inda za ta kai shi. Minti guda tana yawo. Lungun yana gabanta amma launinsa ya saje da ƙasa, ba ta ma gan shi ba. Na jera sulalla uku a cikin lungun har zuwa jikin makunnin. Da na ba wani yaron maƙwabta, yana zuwa ya harba ƙoƙon ba tare da ya tsaya ba.

Idan mutum ya mutu sau uku a wuri ɗaya, wurin za ka gyara: ƙara faɗin wurin sauka da bulo ɗaya, ko cire maƙiyi ɗaya. Ka tuna kai ka buga wurin sau hamsin, abin da kake gani da sauƙi ya ninka haka wuya a hannun baƙo. Idan ba ka da mai gwadawa, ajiye zangon kwana biyu, sannan ka buga shi da ƙaramin Mario ba tare da ka ɗauki naman kaza ko ɗaya ba, kana yin kuskure da gangan a kowane lungu.

Karen nan da ke gefen allo yana mayar da abin da ka yi na ƙarshe idan gyara ya ɓaci. Rokar da ke kusa da shi kuwa share zangon take yi gaba ɗaya, kada ka riƙe ta da wasa.

11. Kwalliya

A taƙaice. Cike ƙarƙashin ƙasa kada a bar bulo suna reto a iska, sa dandamalin da ake ratsawa ta ƙasa a matsayin bango na baya, sa gangare inda tudu ya yi tsini. Sautuka na musamman ɗaya ko biyu sun isa. Masu walƙiya da girgiza allo suna sa ciwon kai.

12. Ɗorawa

Wannan yana buƙatar intanet da rajistar Nintendo Switch Online, wadda ake biya. Daga Coursebot zaɓi zangon ka danna ɗorawa. Wasan zai sa ka kammala shi da hannunka daga farko, sannan ka sake kammalawa daga kowace tutar tsakiya. A nan ne matsalar launin da na faɗa a mataki na 9 take tona kanta idan ba ka gyara ba.

Ba shi suna da ke faɗin abin da ke ciki. Hausa tana shiga, sai dai masu bugawa daga ko'ina suke a duniya, Japan, Amurka, Turai, don haka ni nakan sa sunan da Hausa, bayanin kuma da Turanci mai sauƙi. Zaɓi alamomi biyu da suka dace da shi, kada ka sa alamar gudu a zangon tunani. Za a ba ka lamba mai harufa da alƙaluma 9, ita za ka tura wa abokai. Ba kai ke faɗin wuyar zangon ba, wasan ne ke auna yawan masu kammalawa ya sa shi a rukuninsa.

Bayan kwana biyu ka leƙa. Za ka ga adadin waɗanda suka buga, waɗanda suka gama, da alamomin da ke nuna wuraren da aka mutu. Idan sun taru a wuri ɗaya kamar ƙudaje, ka san inda aikinka yake. Zangon da aka ɗora ba ya gyaruwa a can, sai ka cire shi daga intanet, ka gyara kwafin da ke na'urarka, ka sake ɗorawa da sabuwar lamba, kuma ƙaunar da ya tara ta tafi. Shi ya sa mataki na 10 yake zuwa kafin wannan.

Idan babu rajista ko data, zangon yana nan a Coursebot, ana buga shi ba intanet. A gidanmu na'urar ce ke zagayawa hannu zuwa hannu bayan sallar isha'i, wanda ya mutu ya miƙa wa na kusa da shi. Mai Switch ta asali ko OLED yana iya zare hannayen biyu ya ba wani ɗaya ku buga tare a allo guda, amma ka sani zangon makunni da mutum biyu rikici ne: ɗaya yana tsakiyar gada, ɗayan ya buga makunnin.